Ƙulli Biyu a Igiyar Baba

Litinin, 9 ga Yuni, bakwai na safe

Ruwa ake yi tun asuba. Mita sittin suke so in jefa mashi daga yau zuwa 29 ga wata, in ban kai ba a tafi gasar Turai ba da ni ba. Gasa uku suka rage mini: Bedford, Gateshead, sai ta ƙasa a Birmingham. Shekarata talatin da biyar, ban taɓa sa rigar ƙasa a babbar gasa ba, sau uku ina kaiwa bakin ƙofa ana rufewa. Kowa ya san wannan ce ta ƙarshe. Har mai sayar da jarida na kan titinmu ya sani, shi ya sa yake gaishe ni a hankali kamar wadda aka sallamo daga asibiti.

Mashin ba shi da laifi. A atisaye yana wuce sittin, na gani da idona, na taka na je na tsaya a inda ya caki ƙasa. A gasa ne ƙafata take haye layi, alƙali ya ɗaga jar tuta, a soke jifan. Tun watan Mayu jifa goma sha takwas na yi, an soke goma sha ɗaya. Ni da a da ake yi wa tsiya wai ko an rufe mini ido ba na taka layi.

Mai duba gwiwar hannuna ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta taku da nisa. To ga shi na saya. Taku da nisa kawai zan rubuta.

Talata, 10 ga Yuni, biyu na rana

Gill ta kira daga gidan burodin da take aiki. Yayata ce, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba.

"Lorna, sai fa mun zauna a kan Baba."

"Mu zauna a kansa? Kujera ne?"

"Ki bar wannan shirmen. Butar lantarki ya ɗora a kan gas jiya, robar ta narke. Maƙwabciya ce ta ji ƙauri."

Na ce kowa yana iya yin haka. Ta ce a'a, ba kowa ba. Sai ta faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, shida na yamma

Hamsin da tara da ɗoriya sau biyu a atisaye, ba tare da cikakken gudu ba. Gwiwar hannu lafiya lau.

Baba ya zo da jakarsa da fulas ɗin shayi, ya zauna a bencin da ya saba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan shi ne kocina. Bai taɓa jefa mashi ba a rayuwarsa, wasiƙu ya raba a Accrington shekara talatin da huɗu, kuma daga nan ya ɗauko aƙidar cewa ƙafar mutum ta fi kowane tef ɗin awo gaskiya. Duk farkon kakar wasa sai ya sa ni in yi ta gudu yana kallo, sannan ya auna hanyar da takalminsa, dunduniya a bakin yatsa, ya ɗaura ƙulli biyu a wata farar igiyar shanya. Ƙulli na nesa, inda zan fara gudu. Na kusa, inda zan ja mashin baya in fara takun gicciye. Ranar gasa in shimfiɗa igiyar daga layi, in manna alama a kan kowane ƙulli, in naɗe ta. Shi ke nan. Sauran mata suna ta jan tef suna duba waya, ni kuwa ga ni da igiyar shanya, kuma dariyarsu ba ta taɓa damuna ba.

Ban san nisan a mita ba. Ban ma san ƙafa nawa ba ne. Lissafin yana kansa, igiyar tana kwana a jakarsa, sai safiyar gasa yake miƙo mini. Na taɓa tambayarsa ina 'yar shekara goma sha bakwai, ya ce, "Ke jefa naki, Doguwa. Ƙirga nawa ne."

Yau bai ce mini Doguwa ba. Sau biyu ya kira ni Jean, sunan Mama. Mama ta rasu shekara shida ke nan. Kowa ya ce muna kama, musamman ta baya.

Asabar, 14 ga Yuni, biyar na yamma, cikin mota a Bedford

Ja. Ja. Ja.

Lahadi, 15 ga Yuni, goma na safe

Jifa uku, jar tuta uku, aka sallame ni tun kafin rabin gasa. Na farkon ya yi nisa, na ji mutane sun yi "wuuu", amma yatsan ƙafata ya riga ya leƙa bayan layi. Ba a ma auna ba. Wani yaro ya zare mashin ya dawo da shi.

Bev Rushworth ta tare ni ina cusa takalma a jaka. Shekara takwas ta yi tana doke ni kafin kafaɗarta ta tsaya, yanzu tana horar da wasu, bakinta kuwa bai yi ritaya ba.

"Kaka, wa ya matso miki da alama?"

"Ba wanda ya matso."

"Shekara goma sha biyar ina tsayawa a bayanki a layi, na san inda kike farawa kamar yadda na san ƙofar gidanmu. Kin matso ya fi taku guda. A Manchester wancan watan kuma baya kika ja. Ko igiyar taku ruwa take sha ta tsuke?"

Na ce ta kula da 'yan matanta. Ta dube ni, ta dubi Baba yana can yana neman makullin motar da ya daina tuƙawa tun bara, ta juya ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa ya ci burodinsa da cuku, ya yi barci. Kusa da gida ya farka ya tambaye ni ƙarfe nawa za a fara.

Saura kwana goma sha huɗu.

Litinin, 16 ga Yuni, ɗaya na rana

Ruwa. Ban fita ba.

Talata, 17 ga Yuni, sha ɗaya na safe

Na je gidan Baba da wuri in kai masa madara. Ƙofar baya a buɗe. Yana cikin lambu da silifas, ya ɗaura bakin igiyar a ƙafar benci, yana tafiya a kanta, dunduniya a bakin yatsa, yana ƙirgawa a fili. Ƙullin duka biyu a kwance. Na tsaya a bakin ƙofar kicin da madara a hannu.

Ya kai talatin da huɗu, wani tsuntsu ya tashi daga shinge, ya ɗaga kai ya bi shi da ido. Da ya dawo sai ya ce ashirin da tara, talatin. Ya kai arba'in da wani abu, ya durƙusa ya ɗaura ƙulli, ya ja shi da haƙori yadda yake yi. Ya miƙe, ya dubi ƙullin, ya ɓata fuska, ya kwance shi, ya koma wurin benci.

Sau uku ina kallo. Kowane karo wurin ƙullin daban.

"Baba, me kake yi?"

"Kakar wasa ta kusa, ai dole a auna miki. Kin ƙara tsawo."

"Mun auna tun Afrilu."

"Wa ya auna?" Ya dube ni da fushi, irin fushin wanda aka shiga masa gona. "Ba mai taɓa igiyar nan sai ni."

Na dafa masa shayi a tukunya, tunda butar ta tafi. Na zuba masa sukari biyu. Ya ce shayina ya fi na Gill, kada in gaya mata. Muka yi dariya. Na shiga mota na kai ƙarshen titi, na tsaya a gaban shagon wanki na yi kuka har mai shagon ta leƙo. Haushinsa nake ji, kuma ina jin kunyar jin haushin. Jifa goma sha huɗu. Watanni biyu ina zargin ƙafata, ina zargin shekaruna, har awon ido na je.

Taku da nisa kawai na ce zan rubuta.

Laraba, 18 ga Yuni, bakwai na yamma

Na kira Bev. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in same ta a filinsu ƙarfe huɗu.

Ta barbaɗa garin alli a kan hanyar gudu, ta sa na yi gudu sau goma sha biyu tana duba sawuna, sannan ta ja tef. Mita ashirin da tara da santimita arba'in. Na kusa, goma sha biyu da saba'in. Ta rubuta a bayan hannuna da biro kamar 'yar makaranta.

"Ga sirrin gidanku nan, lamba biyu. Shekara ashirin kina yawo ba ki san adireshinki ba."

"Bev, don Allah."

"Na yi shiru. Jefa mu gani, tsohuwa."

Shida na jefa, ban taka layi ko sau ɗaya ba. Na huɗun sittin da santimita tamanin. Ta yi fito, ta ce da ta san haka ne da ta sace igiyar nan tun tana da kafaɗa. Na yi dariya, amma duk jikina ji nake kamar na shiga ɗakinsa na buɗe masa akwati. Na wanke hannuna kafin in biya ta gidansa, bayan na kwafe lambobin a nan.

Juma'a, 20 ga Yuni, tara na safe

Na yi wa Baba ƙarya, na ce an ɗage gasar Gateshead saboda iska. Gill ta ce za ta wuni da shi gobe. Ta ce daidai na yi. Duk abin da Gill ta ce daidai ne, sai in ji ya ƙara yi mini nauyi.

Asabar, 21 ga Yuni, shida na yamma, Gateshead

Hamsin da tara da santimita sittin da biyu. Farar tuta shida. Iska tana dukan fuska, da ba don ita ba da an gama magana. Saura santimita talatin da takwas, ko tsawon burodi bai kai ba.

Bayan kowane jifa sai in juya in dubi 'yan kallo, gefen hagu, layi na uku. Wata mata ce a wurin da laima. Shekara ashirin da ɗaya can nake dubawa. In ya taɓa hularsa, komai daidai. In ya cire ta ya kaɗa baya, in ja alama baya, kaɗawa ɗaya ƙafa ɗaya. In ya kaɗa gaba, in matso. Yau wuyana ya yi ta juyawa da kansa.

Gwiwar hannu lafiya lau. Na sa mata ƙanƙara ne kawai.

Lahadi, 22 ga Yuni, huɗu na yamma

Gill ba ta so gaya mini ba, mijinta ne ya yi suɓul da baka a kan abinci. Jiya da ta isa gidan Baba ƙarfe takwas, ta tarar da shi a tsaye a bakin ƙofa, ya sa kwat ɗinsa ya sa hula, jaka a kafaɗa, fulas a hannu. Maƙwabciya ta ce tun shida yake wurin. Ya manta an ce an ɗage, amma bai manta ranar ba. Gill ta yi ta lallashi ya ƙi shiga, wai in ya shiga Lorna za ta zo ta yi hon bai ji ba. Sai wajen sha ɗaya ƙafafunsa suka gaji ya zauna a kan matakala.

Na ajiye cokali. Na ce Birmingham da shi zan tafi.

"Kin haukace? Taron mutane rikita shi yake yi."

"Sai ki zo ki zauna kusa da shi."

"Saura miki jifa shida a duniya, Lorna. Shida! Ki bar ni in riƙe miki shi a gida kwana ɗaya tak."

"A kan matakala?"

Ta miƙe. Ta kwashe kwanuka da ƙarfi har ɗaya ya tsage. Daga baya ta fito daga kicin idonta ja, ta ce ƙarfe nawa za mu tashi.

Talata, 24 ga Yuni, takwas na safe

Saura biyar. Ruwa.

Laraba, 25 ga Yuni, uku na rana

Mun kai Baba asibiti da safe, Gill ce ta nemi ganin likitar tun watan jiya ba ta gaya mini ba. Likitar ta ce ya zana agogo. Ta faɗa masa sunayen abubuwa uku ta ce ya riƙe. Da ta tambaye shi ko ni wace ce, ya dube ni ya yi murmushi irin wanda yake yi wa mutane in ya miƙa musu wasiƙa, ya ce, "Ai ita ce ta kawo mu a mota."

Sun ba mu takardu masu yawa. Suna cikin aljihun ƙofar mota.

Juma'a, 27 ga Yuni, biyar na yamma

Gudu kaɗan, jifa uku marasa ƙarfi. Ashirin da tara da arba'in. Goma sha biyu da saba'in. Ina maimaita su ina wanke kwano, ina maimaita su a layin kanti. Gwiwar hannu ba lafiya lau ba ce, tun Mayu ba lafiya lau ba ce, amma za ta kai Lahadi.

Lahadi, 29 ga Yuni, tara na safe, Birmingham

Baba ya miƙo mini igiyar a bakin ƙofar 'yan wasa, a naɗe tsaf. Na karɓa da hannu biyu, na sa ta a ƙasan jaka, tef ɗin Bev a sama. Ba iska, rana ta ɗan fito. Ba ni da abin da zan fake da shi yau.

Litinin, 30 ga Yuni, goma na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Na auna da tef, na ba 'yan kallo baya don kada ya gani. Jifan farko hamsin da takwas da casa'in. Na biyu ya tashi sama da yawa. Na uku hamsin da tara da saba'in, na huɗu da na biyar suka tsaya kusa da shi. Ban taka layi ba ko sau ɗaya, ƙafata tana tsayawa dab da shi, yadda ake so, domin daga layi ake fara awo, ba daga inda mutum ya saki mashi ba. Jikina yana ta buɗewa. Bev ta zo bakin shinge ta ce, "Yana nan a hannunki, Kaka. Kada ki canza komai. Ko numfashi kada ki canza."

Duk wunin yana zaune shiru kusa da Gill, yana kallon masu tsallen sanda. Na daina ma duba wajen.

Aka kira sunana, jifa na shida. Na ɗauki mashi, na goge hannu, na je kan alamata. Sai na ji muryarsa ta keto filin gaba ɗaya.

"Doguwa!"

Yana tsaye. Ya cire hula. Idonsa a kaina, sarai, idon da na sani, ba na asibiti ba. Ya kaɗa hular baya. Ya sake kaɗawa. Ƙafa biyu.

Na san ba daidai ba ne. Ina so in rubuta wannan a fili, kada wata rana in yi wa kaina ƙarya. Na sani. Gill tana jan gefen kwat ɗinsa, Bev tana girgiza mini kai kamar wuyanta zai cire. Agogon minti ɗayan da ake ba mai jifa yana tafiya. Rabin mutanen da ke gefen nan sun san shi, tsofaffin alƙalai da iyayen 'yan wasa, duk sun juya suna kallonsa. Shi kuwa yana tsaye da hula a sama yana jira, kuma na san ba zai zauna ba sai ya ga na sunkuya. In na yi gudu ban sunkuya ba, a haka zan bar shi.

Na sunkuya. Na ɓare alamar, na ja ta baya ƙafa biyu, na je na ja ta kusa ita ma. Na ɗago. Ya mayar da hularsa, ya taɓa bakinta, ya zauna.

Ban taɓa yin jifa irinsa ba. Ban ji gwiwar hannu ba, ban ji nauyin mashin ba, ya fita kawai ya yi ta tafiya. Da na tsaya na dubi ƙasa, tsakanin takalmina da layi akwai filin da za a ajiye jakar tafiya. Farar tuta. Hamsin da tara da santimita hamsin da takwas.

Bev ta zo daga baya da wayarta, ta ɗauki hoton ƙafar. Ta buɗe baki za ta yi mini lissafin, na ce na iya tarawa. Ta rungume ni, ta zage ni a kunne, zagi mai kyau, tana kuka. Aka ba ni lambar yabo ta biyu. Sai da muka wuce Stoke a hanyar gida, sannan Gill ta miƙo mini cakulan daga baya ba tare da ta dube ni ba.

Ba na cewa na yi daidai. Da safen nan na farka da baƙin ciki kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, kuma na san zai daɗe.

Litinin, shida na yamma

Sunayen masu zuwa gasar Turai sun fito ƙarfe biyu. Na karanta har ƙasa duk da na sani. Na zauna na rubuta wa ƙungiyarmu wasiƙar ajiye wasa, layi huɗu, na sa a ambulan na jefa a jaka, na tafi kai wa Baba abincin yamma.

Na tarar da shi a kicin cikin walwala. Ya tuna jiya, ko wani yanki nata. Ya ja mini kujera, ya zauna yana fuskantata, ya dafa hannuna na jifa.

"Na ga ranki a ɓace. Kada ki sa abin a zuciya. Kin ga na ƙarshen nan? Da kika ji magana, kin ga yadda ya tashi?"

"Na gani, Baba."

"To. Hannunki bai gama ƙosawa ba, shi ke nan. Masu mashi sai sun kai talatin suke nuna. Ke kina da shekaru a gabanki, ba ki ma fara ba. Za ki sa rigar nan, ni na gaya miki, kuma ina wurin." Ya buɗe kwanon ya leƙa, ya ce kifi ne, madalla. "Gobe ƙarfe biyar a fili. Ki zo da takalman gudu, daga tushe za mu faro. Kada ki makara."

Jakar tana kan cinyata, ina jin gefen ambulan ɗin ta cikin fata.

Na ce, "To, Baba. Zan zo."